Nonon Bayan Feshi

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya cika da hantsin wata Laraba cikin damina, shekara guda bayan an yanka mana jihar Katsina, daidai lokacin da auduga ta fara fure. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika da tabarmi da takalma, waɗanda ba su sami wuri ba suka zauna a kan saiwar dalbejiya.

Ni ina ciki tare da mata, kusa da matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Zana ce kawai tsakaninmu da maza, don haka duk abin da aka faɗa a waje yana shigo mana. Na ji Liman yana cewa garin nan ya yi rashin ladanin da ba za a sake samun irinsa ba. Na ji wani yana cewa marigayi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wani ya ce Allah Sarki, bawan Allah mai haƙuri. Ana ta amsawa da amin. Ina zaune ina gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya, domin su ne dai muryoyin da suka yi shekaru suna cewa Kawu mashayi ne. Ban san lokacin da tsaki ya kufce mini ba. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Haƙuri, 'yar nan, mutuwa rigar kowa ce." Ta ɗauka rashin ne ya fi ƙarfina. Rashin na iya ɗauka, yabon ne na kasa ɗauka.

Gaisuwar mutum ɗaya na karɓa da zuciyata a ranar. Wani tsohon Bamaguje ne daga wajen Gozaki, ya zo a ƙafa, bai hau tabarma ba, ya tsuguna daga gefe. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ni ban iya addu'arku ba. Amma mutumin nan ya yi mini feshi damina bayan damina, ko ruwan randata bai taɓa sha ba, da gorarsa yake zuwa. Abin da na zo faɗi ke nan." Wannan kam ba wanda ya ce masa amin.

Bai daɗe da tashi ba sai ga motar Alhaji, aminin Kawu, mai shagon maganin ƙwari a Funtuwa. Ya sa aka sauke buhun shinkafa a bakin zaure, ya zauna kusa da Liman ya fashe da kuka, har sai da aka riƙa ba shi baki. Matan da ke kusa da ni suka ce kin ga aminci na gaskiya. Na sunkuyar da kai, domin a lokacin akwai alkawari a wuyana.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna da shi yadda waɗannan mutane suka so.

Yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina ƙarama, ya ɗauko ni ya haɗa da ɗansa guda ɗaya, wanda nake kira Yaya, ya riƙe mu ba bambanci. Shi ya kai ni makaranta Malumfashi a kan kekensa, lokacin da ake ganin kai mace boko ɓarnar alli ce. Tun ban iya haɗa baƙi ba yake kirana Malama don tsokana, har Allah ya sa na zama malamar, sunan ya bi ni. Dogo ne siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Abin da aka fi saninsa da shi murya. Ba lasifika a masallacinmu, sai ya hau matakalar ƙasa ya toshe kunne, Fulanin da ke rugar ƙetaren rafi da kiransa suke tashi. In aka yaba masa sai ya ce, "Aron Allah ce, ba a yi wa mai abu rowar abinsa."

Feshi ya shigo garinmu 'yan shekaru bayan an daina lissafi da fam an koma naira. Auduga ta yi daraja, malaman gona suna yawo a kan babura da sabon iri da takin zamani, suna cewa tsutsa ce ke cinye mana rabin wahala. Gaskiya suka faɗa, mun gani da idonmu. Alhaji ya buɗe shagonsa a lokacin. Shi da Kawu tare suka tashi, rana ɗaya aka yi musu kaciya, Kawu ne ma abokin angonsa. Ranar da Alhaji ya kawo injin feshi na farko, irin na goyo, ina gida hutu daga makarantar horon malamai. Da hannunsa ya goya wa Kawu injin a tsakar gida, yana cewa duk garin nan ba wanda ya yarda da shi sai shi. Kawu ya leƙa cikin kwalin, ya ciro safar hannu ta roba da dogayen takalma da wani abin rufe hanci.

Ya ce, "Waɗannan fa?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Na Turawa ne, masu fatar jarirai. Kai da ka tashi da fartanya a hannu? Zafi kawai za su sa maka. Abu ɗaya ne, in ka gama feshi ka sha nono ƙwarya guda, mai tsami. Nono yana wanke komai."

Ya karɓi safar da takalman ya mayar cikin mota. Daga baya na gan su a shagonsa, a hannunsa, ranar da yake juye magani daga babban duro zuwa ƙananan gwangwanaye, ga hankici ɗaure a hancinsa.

Kawu bai iya yin abu rabi da rabi ba. Ya riƙe feshi kamar yadda ya riƙe kiran salla. Zai tsiyaya maganin a bokitin ruwa, ruwan ya koma fari fat, sai ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa har gwiwa yana damawa. Na taɓa miƙa masa sanda, ya dube ni ya ce, "Malama, itace ba ya jin abin da ya kwanta a ƙasa." Da fatarsa yake auna ƙarfin haɗin. In bai ji raɗaɗi ba sai ya ƙara, yana cewa, "In bai cije ni ba, ba zai ciji tsutsa ba." Tankin yana yoyo ta baya, rigarsa kullum jiƙe take daga kafaɗa zuwa ƙugu. In bakin injin ya toshe, ya sa a bakinsa ya busa. Duk wanda ya koyi feshi a yankinmu a wurinsa ya koya, kuma haka ya koya.

Nonon kuwa ya zama aikin Inna. Ta keɓe ƙwarya guda mai zane, ba a zuba komai a cikinta sai nonon Kawu. Tun da safe take tsare Bafillatana ta zaɓi mafi kauri, ta rufe da faifai ta ajiye a inuwa. Yana dawowa, kafin ya cire riga, za ta tare shi da ita ta tsaya a kansa.

"Saura kaɗan, Malam."

"Cikina ya cika, Allah."

"Ban tambayi cikinka ba. Shanye."

Sai ya kalle mu ya kanne ido ya shanye. In shanu sun yi nisa, har Bakori take aikawa ranar kasuwa. Na sha jin tana gaya wa mata a bakin rijiya, da alfahari a muryarta, "Shi yana kashe tsutsa, ni ina kashe gubar." Ita mace ce da ba ta taɓa mallakar gona ko akuya ba, amma ta yi imani cewa ran mijinta yana cikin ƙwaryar nan, kuma ita ke riƙe da ita.

Kada wani ya ce Kawu bai san guba yake goyo ba. Ya sani sarai, shi ya sa yake tsare kowa. In yara suka biyo shi gona sai ya kore su, "Ku matsa can, ku ba ku da nono a ciki." In iska ta juya wajen rijiya ko wajen amyar zuma, sai ya sauke injin ya zauna har ta sauya, ko da mai gona zai yi ta mita. Da ina da cikin fari na zo gida, na ɗauki rigarsa ta feshi zan wanke, ya fizge ta daga hannuna ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba. Matan da mazansu suka mutu kuwa ba ya karɓar ko sisinsu, shi ke zuwa da kansa ya tambayi yaushe audugarsu ta yi fure. Ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Kansa kaɗai ya bari a rana, don amininsa ya ce masa yana da magani.

Ciwon da faɗan miya ya fara, ba mu sani ba. Wata rana ya ture kwanon tuwo ya ce Inna ta fara yi masa rowar daddawa. Washegari ta zuba ninki biyu, ya ce bai ji komai ba. Rana ta uku ta zuba har maƙwabta suka san abin da muka dafa, ya ɗanɗana ya ce miyar kamar ruwan randa. Inna ta yi fushi ta daina yi masa magana, nonon dai ba ta fasa ba, sai ta dangwara masa ƙwaryar ta juya baya. A lokacin ne kuma ya fara fahariya cewa shi ya daina jin warin magani. "Mun saba da juna," in ji shi. Muka yi dariya, ashe hancin ne ya mutu.

Sai hannun dama. In yana zaune babban yatsansa ya riƙa goga manuni, kamar mai jan carbi alhali ba carbin. Da farko abokan wasa suka ce Malam ya kai matsayin da jiki ke tasbihi da kansa, shi ma ya taya su dariya. Daga baya dariyar ta ƙare. Takunsa ya gajarce, yana jan ƙafa yana sauri kamar za shi faɗi ta gaba. Fuskarsa ta daskare, mutumin da idonsa kaɗai ke ba ka dariya ya koma kallon mutane ƙiris. Magana ta riƙa sarƙewa. Nonon ya soma zuba a gabansa, Inna ta koma riƙe masa ƙwaryar a baki. Duk da haka bai ajiye injin ba sai da hannun ya kasa danna famfo.

Maigidana ne ya ji mafarin zancen da kunnensa, a wata rumfa a kasuwar Bakori. Wani manomi ya ce anya ba maganin nan ne ke kaɗa Malam ba? Alhaji yana wurin. Ya tofar da goro ya ce, "Maganina ba ya sa rawa. Mutum nawa ke feshi a ƙasar nan, wa kuka ga yana rawa? Ku dai tambaye shi abin da yake sha in ya shiga unguwannin Maguzawa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ce giya ba, ya bar wa mutane su ƙarasa. Suka kuwa ƙarasa masa da kyau. Mutum yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, hannu na rawa, kuma kowa ya san yana wuni a gonakin Maguzawa. Waɗanda ya yi wa feshi kyauta ma aka ji suna cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ran nan bayan la'asar Liman ya zo zaure da dattawa biyu. Muryar Kawu ta riga ta ragu, kiransa ba ya wuce bakin kasuwa, kuma ya taɓa zamewa a matakala. Da sun ce masa saboda haka ne, da ya karɓa.

Liman ya ce, "Malam, mun ga ya kamata ka huta."

Kawu ya ce, "Muryar ce ta gaza, ko kunnenku ne ya ji wani abu?"

Liman ya dubi ƙasa ya ce, "Jama'a dai na magana."

"To matso ka sunsuni bakina, Liman. Ga ni."

Liman bai matso ba. Ya shafa fatiha suka tashi. Daga ranar aka ba wani ladanci. Kawu bai daina zuwa masallaci ba, yana jan ƙafa yana dafa bango. An san ba a barin giɓi a sahu, amma gefen Kawu kullum da giɓi, dama da hagu. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Yaya. Bai taɓa cewa ya yarda da zancen ba, sai dai ya daina jerawa da ubansa zuwa masallaci, yakan bari ya yi nisa sannan ya fito.

Ni da maigidana muka kai shi babban asibiti a Zariya. Likitan ɗan kudu ne amma haifaffen Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya sa Kawu ya yi tafiya zuwa bango ya dawo, ya lanƙwasa masa hannu, ya sa shi taɓa hanci. Kafin ya ce komai Kawu ya riga shi.

"Likita, giya tana sa wannan?"

"Baba, wannan ba rawar giya ba ce. Ko ɗalibina na shekarar farko ba zai ce giya ba."

Kawu ya rufe ido. Likitan ya faɗi sunan ciwon, sunan wani Bature ne. Sannan ya tambayi sana'a. Da ya ji feshi, ya ji damawa da hannu, ya ji busa bakin inji, sai ya ajiye biro ya jawo kujera kusa.

Ya ce jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai 'yan murahu da suke kira maitokondiriya. A nan ake ƙona abincin da muka ci ya zama ƙarfi. Kowane murhu yana fitar da toka da hayaƙi, kuma tokar nan guba ce in ta taru. Don haka Allah ya sa wa kowane murhu masu shararsa, wasu sinadarai da aikinsu ke nan dare da rana, su kama dattin su sauya shi ya zama abin da ba ya cutarwa. Ya ce a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi ƙalilan da ke riƙe da linzamin motsi, murhunsu ba ya mutuwa, don haka tokarsu ta fi ta kowa yawa. In masu shara suka gaza a wurin, ƙwayoyin sai su shaƙe su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Mutum ba ya ganin alama sai an yi ɓarna mai yawa.

Na ce to ina ruwan feshi a ciki?

Ya ce masana sun fara zargin cewa wasu magungunan ƙwari da na ciyawa, in suka shiga ta fata ko ta numfashi shekara da shekaru, suna lalata murhun, suna kuma ɗaure hannun masu sharar. Ya ce ba zai rantse cewa shi kaɗai ne sanadi ba, akwai masu ciwon da ba su taɓa ganin injin feshi ba. Amma in ɗan'uwansa ne, ba zai bari ya ƙara taɓa maganin ba. Na tambaye shi abin da Alhaji ya kafa hujja da shi, me ya sa wasu ke feshi ba sa rawa. Ya ce ba a haifi kowa da masu shara iri ɗaya ba, na wani sun fi na wani juriya, kuma ba kowa ne ya yi wanka da maganin kamar Baba ba.

Kawu ya ce a hankali, "Wato masu sharar aka kashe, shara ta cinye gidan."

"Kusan haka ne, Baba."

"Nonon fa? Ban taɓa fashi ba, ko rana ɗaya."

Likitan ya dube ni, sannan ya dube shi. Ya ce, "Nono abinci ne, Baba. Ba ya bin guba cikin jini ya kamo ta."

Ya rubuta ƙwayoyin da suka rage rawar na ɗan lokaci. Ya gaya mana gaskiya, ba sa dawo da abin da ya mutu.

A mota muna dawowa raina fari ƙal, ina ta tsara yadda zan sa maigidana ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya faɗi abin da likita ya ce. Mun wuce Giwa Kawu ya kamo gefen mayafina da hannunsa mai rawa.

"Malama, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Zancen nan ya tsaya a motar nan."

"Kawu, sun ce kai mashayi ne."

"In aka ce guba ce, za a ce ina nonon? Innarki za ta ji. Matar nan shekara da shekaru tana ganin ita ke riƙe da raina. In ƙwace mata, in bar ta da me? Su ce abin da suka ga dama. Allah ya san abin da ya shiga cikina."

"Alhaji fa?"

"Bar shi. Wuƙa ɗaya ta yi mana kaciya."

Na yi masa gardama har Funtuwa, na yi kuka, na ce wannan ba haƙuri ba ne, taya azzalumi ɓoye gawa ne. Bai saki mayafin ba sai da na ce na yi alkawari. Na ji haushinsa a ranar, har yau ma ina ji. Ya tsare zuciyar kowa, ya bar ni ni kaɗai da garwashi a hannu.

Abin da ya iya yi ya yi. Ya sa aka rataye injin a can saman rumbu, ya ce muddin yana numfashi ba mai goya shi a gidan nan. Bai ba da dalili ba, Yaya ya ɗauka rowa ce. Ya riƙa tare masu feshi a hanya yana cewa su dama da sanda, su rufe hanci. Wa zai ɗauki shawarar mashayi? Suka riƙa cewa to Malam, suna wucewa. Alhaji kuwa tun da Kawu ya kwanta bai taka gidan ba, sai dai in motarsa ta zo wucewa ya danna hon. Inna ta ci gaba da nononta ko da an yi shekaru ba feshi, ta ce sauran gubar take kora. Da haɗiya ta yi wuya ta koma ba shi da cokali. Yana ƙwarewa, yana tari, yana haɗiyewa, idonsa a kaina, kada in yi magana.

Ranar sadakar bakwai da safe, maza sun fara taruwa a waje, na fito daga ɗaki sai na ga Yaya a tsakar gida. Ya sauko da injin daga rumbu yana kakkaɓe masa yanar gizo, ga bokiti da gwangwani a gefe. Ya ce tsutsa ta shiga audugarsu, ana shafa fatiha zai wuce gona. Inna tana zaune a bakin ƙofarta cikin takaba. Ta dube shi, ta miƙe, ta shiga ta fito da ƙwaryar nan mai zane. Ashe ta riga ta sa an karɓo nono. Ta rufe da faifai ta ajiye a inuwa, daidai inda take ajiyewa.

Na yi wa Kawu alkawari a kan sunansa, sunan nasa ne, yana da ikon ya bayar. Ban yi masa alkawari a kan ɗansa ba. Na durƙusa gaban Inna, na kira Yaya ya matso, na faɗa musu duka: murhun, masu sharar, safar hannun da aka mayar mota, abin da aka faɗa a rumfar Bakori, da abin da likita ya ce game da nono. Na faɗa musu wanda ya hana ni magana da dalilinsa.

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kalli ƙwaryar.

Ta ce, "To me na yi ta ba shi duk shekarun nan?"

Na ce, "Nono, Inna."

"Kuma ya sani, yana sha."

"Ya sani."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta kama igiyar injin ta ja shi a ƙasa har cikin ɗakinta, ta tura ƙarƙashin gado. Ta fito ta ce wa Yaya, "Wanda ke son shi ya shigo ɗakin mai takaba ya ɗauka." Sannan ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Aminin ubanka ya iso?"

"Yana waje, kusa da Liman."

"Kai masa. Ka ce in ji ni, ya sha. Ka ce shi ya gaya mana nono yana wanke komai, to ga shi ya wanke bakin da ya ce mijina mashayi ne. Ka faɗa da ƙarfi, kai ɗan ladan ne."

Na bi shi har bakin zana na tsaya. Ban taɓa sanin Yaya ya gaji muryar ba sai ranar. Ya faɗi saƙon bai rage ko kalma ba, ya ƙara da abin da likita ya ce. Na leƙa ta ɓular zana. Liman yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba. Alhaji ya dubi ƙwaryar, ya dubi mutane, ya ce shi azumi yake yi. Ga jan goro a leɓensa.

Ƙwaryar ta dawo cike. Inna ta ɗaga faifan ta duba, ta miƙo mini ta ce, "A dama wa yara fura. Abinci ne."

A wannan shekarar tsutsa ta ci audugar gidanmu son ranta, ba wanda ya yi ƙorafi. Injin yana nan ƙarƙashin gadon Inna, takaba ta ƙare ba ta fito da shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya tashe shi cikin masu kiran salla da muryarsa cikakkiya, ya tsayar da shi a sahun da ba giɓi. Shi ya yafe wa kowa tun yana raye, na sani. Ni ban kai shi ba. Waɗanda suka matsa daga gefensa a masallaci, da wanda ya mayar da safar nan cikin mota, na bar su da Allah, ban ce na yafe ba.